Ajiyar Baba Zarami

Hadejia, 9 ga Yuni

Zuwa ga 'yata Adila,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya kuma aiki yana tafiya daidai. Mu nan ƙalau muke, sai gwiwa da take ɗan taɓa ni in na daɗe a zaune. Ruwa ya sauka sau uku, an fara shuka a tudu. Mahaifiyarki Bashira ta kira ni daga Damagaram ta ce ita ta ba ki lambata, kuma ta kyauta. Kakanta da kakana uwa ɗaya uba ɗaya suke, saboda haka ko ba ki taɓa ganina ba, ni kawunki ne, babu doguwar magana.

Tun da ba ki san ni ba, bari ki ji wanda kika rubuto wa. A aji uku na bar sakandare, shekarar da mahaifina ya rasu, shanun da ya bari ba su kai a kira su garke ba. Babu wanda ya riƙe hannuna. Na yi tallan bandar kifi a tasha, na yi fito da sanda, yau ina da jirage shida masu inji tsakanin nan da Guri. Injin casar shinkafar da ke bakin kasuwa nawa ne. Gidan da nake ciki, a kan idona aka ɗora kowane bulo. Na sauke farali sau biyu. Shekarar da ciyawar kacalla ta toshe hanyar ruwa, mutane suna zaune suna jiran gwamnati, ni na tara majiya ƙarfi muka shiga da adduna. 'Ya'yana tara, babu wanda bai yi makaranta ba. Ba alfahari nake ba. So nake ki san in na ce zan yi abu, an gama.

Na karanta bayaninki sau uku. In na fahimta, kina aiki a wani babban gidan wasa a Faransa, ke ce mai tsara abin da ake gani a kan dandamali, kuma za ku yi wani tsohon wasa da ake kira ofera, wanda ba a magana a cikinsa, komai rerawa ake yi da Faransanci. Kin ce labarin Girkawan dā ne, wai akwai kogi tsakanin masu rai da matattu, da wani tsoho mai fito a kansa, wani mutum kuma ya bi matarsa da ta mutu har can. To, ni dai abin da na sani, mamaci makara yake hawa, ba jirgi ba. Na tambayi limaminmu, ya ce in dai tatsuniya ce ba bauta ba, ku ta shafa. Amma maganar shugabarku ta shige ni, da ta ce 'yan kallo na yanzu sun gaji da jirgin kwali mai fenti, so take a ga jirgin da ya taɓa ɗaukar mutane da gaske. Matar nan ta san abin da take yi.

Kin ce a nemo tsohon kwalekwale ko da wanda ya mutu ne. Ni ba na aika wa 'yata matacce. Akwai wani a mashigina, na katakon maɗaci, ɗinki ne da igiya, babu ƙusa ko ɗaya a jikinsa. Irin aikin da aka daina. Ni na yi shi da hannuna tun ina saurayi. Shekaranjiya muka fitar da shi daga ruwa, mutum goma sha huɗu, muka ɗora a tirela, yanzu haka yana hanyar Legas wurin ejan ɗin da kika ba ni sunansa. Kar ki yi min maganar kuɗi. Ban sayar ba, ba ki na yi.

Da hannu nake rubutu in ɗauki hoton takardar in turo ta waya, don ba na son saƙon muryan nan. Ke ma ki riƙa yi min haka.

Kawunki,
Alhaji Abdulwahid Buba

*

Faransa, 3 ga Oktoba

Kawu,

Ina gaishe ka da girmamawa, ina gaida iyali duka. Yaya gwiwar? Mama ta ce ambaliya ta zo muku da sauƙi bana, Allah ya ƙara kiyayewa. Ni lafiya lau, sai sanyi da ya fara shigowa.

Kawu, jirgi ya iso ranar Litinin! Sai da aka cire ƙofar baya kafin ya shiga. Da ka ga mutanen nan. Mawaƙin da zai fito a matsayin mai fito, wani ƙaton mutum mai murya kamar daga cikin rijiya, ya durƙusa yana shinshina katakon, ya ce yana jin hayaƙi da kifi. Madam, shugabarmu, ta zagaya shi sau biyu, sai ta sa hannu a can baya, wurin da ƙafar matuƙi ta cinye katakon har ya lotsa. Ta ce da mawaƙin, "Nan za ka tsaya, kuma babu takalmi."

A ranar muka watsar da rabin abin da muka tsara. Da, matattun za su fito ne cikin fararen mayafai kamar yadda aka saba yin wasan tun kaka da kakanni. Yanzu mawaƙa arba'in za su zauna a bakin dandamali da kayansu na gida, kowa da 'yar jakarsa a cinya, kamar masu jiran fito ranar kasuwa. Daga labaran Mama na ɗauko wannan. Shekara shida ina ɗaukar wa wasu awo a gidan nan, wannan ne karo na farko da aka ce ni ce mai tsarawa. Za a buɗe ranar 12 ga Disamba.

Akwai ɗan littafi da ake ba kowane ɗan kallo, mai sunayen duk waɗanda suka sa hannu a wasan. Madam ta ce sunan wanda ya yi jirgin zai zo a shafinsa shi kaɗai. Na ba su: Abdulwahid Buba, Hadejia.

Sai abu ɗaya. Tun da aka kunna na'urar ɗumama ɗaki, wuraren ɗinkin sun fara buɗewa, har yatsana yana shiga wani wurin, igiyar kuma ta saki. Babban kafintanmu ya ce bai taɓa ganin jirgin da aka ɗinka ba, ba zai taɓa shi ba sai ya ji daga bakin mai shi. Me za mu yi?

'Yarka,
Adila

*

Hadejia, 10 ga Oktoba

'Yata Adila,

Na samu takardarki, na ji daɗi. Muna lafiya, gwiwa da sauƙi. Shafin nan da kika faɗa na nuna wa mutane a majalisa, har mai shayi ya ce daga yau Bafaranshe zai riƙa kirana.

Maganar buɗewa ba wani abin tayar da hankali ba ne. Kafintanku tsoro ne da shi. Ku samo ƙusa 'yar inci uku, a haɗe katakan a matse su, a bi bayan da kwalta mai zafi. Haka muke yi wa jiragena duk shekara, ba wanda ya taɓa nutsewa. Ki ce in ji ni.

Kawunki,
Alhaji Abdulwahid Buba

*

Faransa, 2 ga Nuwamba

Kawu,

Ina gaisuwa. Ina fata lafiya ce ta sa ka yi shiru. Na kira ka sau goma sha ɗaya a makon nan, tana shiga ba a ɗauka.

Mun yi yadda ka ce. A ƙusa ta huɗu katakon gefen dama ya tsage, tsawon hannuna, da wata ƙara da har masu goge suka tsaya da kiɗa. Kafinta ya ajiye gudumarsa ya ce, a gaban kowa, wanda ya yi wannan ɗinki ba zai taɓa cewa a buga masa ƙusa ba. Na ce masa ya iya bakinsa, kawuna ne ya yi shi tun kafin a haife ni, in akwai kuskure to a fassarata yake. Na koma na karanta takardarka har na haddace ta, Kawu, ban ga inda na kauce ba.

Mama ta ce kai mutum ne da ba ya son a maimaita masa tambaya. In abin da na rubuta a saƙon waya ne ya ɓata maka rai, da na ce ko ka manta yadda ka yi shi tun da an daɗe, wallahi ba raini ba ne. Ka yi haƙuri.

Jirgin kullum ƙara buɗewa yake. Ba a barin kowa ya hau. Madam ta ba ni zuwa 20 ga wata. In bai tashi ba, za a dawo da na kwali da fararen mayafai, kuma wani ne zai ƙarasa aikin, ba ni ba. Ba ta faɗa da faɗa ba, amma na san ba za a sake ba ni ba.

Ka taimake ni.

Adila

*

Hadejia, 13 ga Nuwamba

Adila,

Assalamu alaikum. Lafiyata ƙalau, kuma ba ki yi min laifin komai ba. Duk kiran da kika yi wayar tana hannuna ina kallonta. Ki ba kafintanku haƙuri, shi ne mai gaskiya.

Ba ni na yi jirgin nan ba. Na rubuta wannan layin na yaga takarda uku kafin na bar shi.

Wanda ya yi shi sunansa Zarami Adam, Babarbare ne, iyayensa daga bakin tafkin Chadi suka zo. Lokacin da nake tallan kifi a tasha ina kwana a rumfa, shi ya ɗauke ni ya kai ni gidansa. Shekara bakwai muna cin tuwo a kwano ɗaya. Shi ya koya min riƙe sanda da karanta ruwa. Ya so ya koya min ɗinki, ban tsaya ba, na ga aikin ba ya sauri. Ranar da ake ɗinka jirginku ina wurin, amma abin da na yi kawai shi ne riƙe bakin igiya. Da jiragen inji suka zo na bar shi, kuma tun daga nan in ana hira nakan ce babu wanda ya riƙe hannuna. Na faɗa har na saba. Ke ma na faɗa miki.

Shekara uku da suka wuce idonsa ya tafi, 'yarsa 'Yar'azumi ta zo ta ɗauke shi zuwa Guri. Kafin su tafi ya sa aka jawo jirgin zuwa mashigina aka ɗaure a ruwa, ya ce in riƙa duba masa. Ajiya ce, Adila. Da takardarki ta zo, na ce a raina makaho me zai yi da jirgi.

Jiya na je Guri. Na same shi a zaure a kan tabarma yana tufka igiya da lalube. Kin san wasan da ke tsakanin Fulani da Barebari, shekara arba'in ban taɓa shiga wurinsa bai tsokane ni ba. Ina yin sallama ya ce, "Wa nake ji kamar Bafillacen nan da bai san bambancin jirgi da akushi ba?"

Na ce, "Ubangidanka ne ya zo, tashi ka ba shi tabarma."

Ya yi dariya har da tari. Ya ce, "Bawa ya yi ƙiba, ina jin yadda ƙasa take motsi. Yaya tsohon jirgina? Yana shan ruwa dai ko?"

Na yi niyyar in zagaya, in ce wani abokina ne yake da irin jirgin yana neman shawara. Har na shirya maganar tun a hanya. Da ya yi wannan tambaya sai ta gudu. Na ce, "Baba, jirgin ba ya Hadejia. Yana Faransa."

Ya ce, "Faransa ta ina take da Gashuwa?"

Na yi masa bayani duka, da ke, da wasan, da mai fiton matattu. Hannunsa bai daina tufka ba. Ya ce, "Kogin nasu babba ne?" Na ce babu kogi, a cikin ɗaki yake, a kan dandamali, kuma ana hura masa zafi. Nan ya tsaya. Ya ce, "Wata nawa?" Na ce biyar da fitarwa daga ruwa. Sai na faɗi maganar ƙusa.

Ya ce, "Wane jahilin ne ya ce a buga masa ƙusa?"

Na ce, "Ni ne."

Ya ajiye igiyar. Sai ya ce, "Alhaji, ɗauko takarda, tun da kai ka yi boko." Adila, na je Makka sau biyu, mutumin nan bai taɓa ce min Alhaji ba sai jiya. Da ya zage ni da ya fi min.

Ga abin da ya ce, ki fassara shi daidai:

A zare ƙusoshin a hankali, ba da ƙarfi ba, a toshe ramukan da 'yan tsinkayen katako. A kankare kwaltar duka. A kashe zafin da ke kusa da shi. A jiƙa buhunan algarara a lulluɓe shi ciki da waje, kar a bari su bushe. Kullum a zuba ruwa a cikinsa zuwa idon sawu. Kwana ukun farko zai zubar, kar ku ji tsoro, ku ci gaba, sha yake yi. A kwana na bakwai a fara jan igiyar ɗinkin daga tsakiya zuwa baki, kada a fara daga goshi. A cusa tsumman auduga da man kaɗanya a inda ya rage. Katakon da ya tsage ba ya gyaruwa, a yanke wurin a ɗinka wani. Ya ce kuma ko ya warke kar a sake barin cikinsa babu ruwa, ko da ana cikin wasan ne. In ya yi yawa a kwarfe da ƙoƙo.

Da na gama rubutawa na ce, "Baba, ka yafe min." Ya ce, "Je ka aika tukuna, yana jin ƙishi."

'Yar'azumi ta biyo ni har bakin mota. Ta ce, "Kai ko ka san abin da ya ajiye shi dominsa?" Ƙasarmu ta fadama ce, itacen da ake jerawa a rufe kabari damina ɗaya yake ruɓewa, kabarin ya rufta. Maɗacin da ya shekara arba'in a ruwa ba ya ruɓewa. Mahaifinsa da katakon jirginsa aka rufe shi, shi ma wasiyyar da ya bar mata ke nan. Ta ce, "Kullum sai ya ce min kar in damu, itacensa yana wurin Audu." Ni ne Audun.

Shekararsa tamanin da wani abu, kuma ƙafafunsa sun kumbura. Ki tambayi Madam yaushe za a gama wasan.

Abdulwahid

*

Faransa, 14 ga Disamba

Kawu,

Ina gaisuwa. Yaya jikin Baba Zarami? Shi nake so ka fara ba ni labarinsa.

Na daɗe ban rubuto ba, kuma ba aiki ne kaɗai ya hana ni ba. Na tsaya a gaban mutum talatin na ce da kafinta ya iya bakinsa saboda kai. Na koma gaban mutum talatin ɗin na ba shi haƙuri. Na gaya wa Madam komai, har maganar kabarin. Ban gaya wa Mama ba, kai za ka gaya mata.

Jirgi ya tashi. Kwana uku yana zubar da ruwa kamar kwando, muna ta tara bokitai, a na huɗu ya ragu, a na takwas ya riƙe. Kafinta da kansa ya ja igiyar, daga tsakiya, yana yi yana cewa wannan tsoho injiniya ne. Madam ta so a kwashe ruwan kafin a ɗaga labule, na ce mai shi ya hana. Sai ta ce to a bar shi, a ba mai fito ƙoƙo.

Shekaranjiya aka buɗe. Akwai wurin da mai fito yake ƙin ɗaukar mutumin nan mai neman matarsa, shi kuma yana roƙonsa da waƙa. A da, tsayawa kawai mai fiton yake yi yana harara. Yanzu yana tsaye a cikin ruwa babu takalmi, bai ko kalli mai roƙon ba, kwarfa yake yi, kamar wanda ya ji irin wannan kuka sau dubu. Masu kiɗa suka sassauta har ba a jin komai sai ƙoƙo da zubar ruwa. Mutum dubu da ɗari biyu, babu mai tari. Da ya ajiye ƙoƙon ya matsa masa wuri, matar da ke gefena ta kama hannuna, ba ta san ni ba. Ni kuwa tunanin wani tsoho nake yi a zaure a Guri, na kasa tafi.

Ga inda aka tsaya. Ba za a iya cire jirgin ba sai an gama, ƙarshen Fabrairu, akwai wasu garuruwa biyu da aka riga aka yi wa alkawari. Madam ta sa hannu cewa daga nan za a maido shi Guri. Na ce watan Mayu ke nan kafin ya iso, amma ban matsa ba, don in an cire shi yanzu aikina ne zai tafi, kuma ban ce a cire ba. Ka ga ni ma na shiga ciki.

Abin da na iya shi ne katakon da aka yanke, na wurin ƙusar. Wata 'yar Kano za ta taho gida ƙarshen wata, ta yarda ta ɗauko shi a kayanta. Guda ɗaya ne, amma nasa ne. Ka kai masa da kanka.

Littafin kuwa, an sake buga shafin. Zarami Adam, mai ɗinkin jirgi, Guri. Naka na sa an cire gaba ɗaya, babu wanda zai san ka shiga maganar. Za a sake buga wani saboda sauran garuruwan, haka zan bar shi.

Adila

*

Hadejia, 5 ga Janairu

'Yata Adila,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya. Mu nan sai haƙuri.

Baba Zarami ya rasu ranar Alhamis ta makon jiya, da hantsi. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta. Katakonki ya iso Kano ranar Litinin. Kwana huɗu tsakani.

Na karanta masa takardarki kafin nan, ki san wannan. Na je Guri sau biyar a watan. Wurin ƙoƙon ya sa na maimaita masa. Ya ce, "Da hannun dama yake kwarfa ko da hagu?" Na ce ba ki faɗa ba. Ya ce, "Ka ce mata in yana tsaye a wurina ne, da hagu zai yi, in ba haka ba bayansa zai yi ciwo." Ki gaya wa mawaƙin. Ya tambayi mutum nawa suka zo, na ce dubu da ɗari biyu, ya ce ko ranar kasuwar Guri bai taɓa ɗaukar rabin haka ba. Ya yi murmushi. Amma har ya bar duniya Alhaji yake ce min. Na sake roƙonsa gafara ranar Talata, ya ce, "Na ji." Iyakar abin da ya ce ke nan, ba zan ƙara masa ko kalma ba.

Ni na shiga kabarin. Ƙasar tana tsattsafo da ruwa tun ba a kai ƙugu ba. Aka miƙo min itacen darbejiya ɗanye, wanda aka saro da safen, ina jerawa ina jin yadda yake lanƙwasa a hannuna. Na ce a dakata in aika a ɓalle katako daga jiragena, duk wanda suke so. Limamin ya ce ba a jinkirta gawa saboda itace, kuma gaskiyarsa. 'Yar'azumi ta aiko daga cikin gida cewa ko an kawo ba ta so, na ƙusa ne.

Da katakon ya zo na kai mata. Ta karɓa ta shafa wurin ɗinkin, ta ga ramin ƙusar, ta miƙo min. Ta ce, "Kai ka ajiye, Alhaji. Kai ma za ka buƙace shi." Yana ɗakina yanzu a jingine.

Saura abu ɗaya da ban gaya miki ba. A takardata ta Nuwamba na rubuta kamar a bakin 'Yar'azumi na fara jin maganar kabari. Ba haka ba ne. Ranar da aka ɗaure jirgin a mashigina, shi da bakinsa ya gaya min, yana riƙe da hannuna. Ya ce, "Bafillace, ga rufina nan, kar ka bari shanunka su sha shi." Muka yi dariya. Ranar da muke ɗora shi a tirela maganar tana kunnena. Na ce tsohon nan ƙarfi ne da shi, zai kai wasu shekaru, kafin nan na san abin da zan ce. So nake a ce jirgin Abdulwahid ya je Turai. Ke ba ki san komai ba lokacin da kika karɓa, kuma zuwa Disamba ko an cire shi ba zai riske shi ba. Kar ki ɗora wa kanki kayana.

Na kira Bashira na gaya mata. Na faɗa a majalisa ma, mai shayi ya rasa inda zai sa idonsa.

Yanzu maganar littafi. Kin ce kin cire sunana don kar kowa ya san na shiga. Na san rufa min asiri kike yi, ko kuma fushi, duk wanda ne kina da hakki. Amma ban yarda ba. Mutanen can za su karanta su ɗauka wani tsoho ne ya yi musu kyauta da farin ciki. Bai ba su ba. Ba a tambaye shi ba. Ni ban saba yin abu in ɓuya ba, kuma ba zan fara a kan wannan ba.

A bugun da za a yi, sunansa ya zauna a sama da manyan baƙaƙe, a ƙara cewa ya rasu yana jiran jirginsa. A ƙarƙashi, da ƙanana, ki sa a rubuta haka: Abdulwahid Buba, Hadejia, wanda aka ba ajiyar jirgin nan, ya san abin da aka ajiye shi dominsa, ya fitar da shi daga ruwa ba da izinin mai shi ba. Kar ki sa Alhaji. Ki fassara shi da kanki, kada ki bari Madam ta tausasa ko kalma ɗaya. In sun ce shafin ya cika, su rage sunan wani mai goge.

In an buga ki ɗauki hoton shafin ki turo min in gani da idona.

Kawunki,
Abdulwahid Buba